Koyon Zanen Fentin Ruwa a Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na soma koyar da zanen fentin ruwa a nan Damagaram, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa daga bakin ɗalibai da iyayensu, har nakan san abin da mutum zai tambaya tun bai gama sallama ba. Ga su nan tare da amsoshin da na saba bayarwa. Inda na daɗe ina bayani, a nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.

Mene ne fentin ruwa, kuma me ya raba shi da sauran fenti?

Fentin ruwa, wanda waɗanda suka yi lakwal suka fi sani da akwarel, garin launi ne mai laushi ƙwarai da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron kuwa shi ne dai wanda muka sani, mai tsattsafowa daga jikin dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, kuma ake tsinta a gabashin ƙasarmu wajen Gure da Maine-Sorowa. Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa tawadar allo ya ga tushen wannan fenti, domin a can ma ƙaro ne yake riƙe baƙin a jikin allo, ruwa kuma yakan sake narkar da shi idan an zo wankewa.

Abin da ya raba shi da fentin mai da kuma guwash ɗin da yara ke shafawa a makaranta shi ne ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Haske yana ratsa launin, ya bugi farar takarda, ya dawo wa ido, shi ya sa zanen da aka yi da kyau yake zama kamar an kunna masa fitila daga ciki. Farin da ake gani a zanen farin takarda ne da aka bari ba a taɓa ba. Wanda zai zana farar hasumiyar masallaci dole ya san inda za ta tsaya tun kafin ya jiƙa buroshi, ya kewaye ta da launin sama, domin idan ya shafe wurin to farin ya tafi ke nan. Saboda wannan dalili ake farawa da launuka masu haske, a bar masu duhu sai ƙarshe.

Malam, wannan ba aikin Turawa ba ne?

Irin kayan da muke saye yau a Turai aka daidaita su, wannan gaskiya ne. Albrecht Dürer ya yi shahararren zanensa na zomo a Jamus a 1502, William Reeves ya sami lambar yabo a Landan a 1781 saboda ƴan dunƙulen launi busassu da ya ƙirƙiro, kamfanin Winsor & Newton kuma, wanda aka kafa a 1832, ya sanya giliserin a cikin fentin a 1835 domin ya riƙa narkewa da zarar buroshi mai ruwa ya taɓa shi. Amma kwaɓa launi da ƙaro ya girme su duka, tun Masarawan zamanin Fir'auna suna yin haka a takardunsu. Mu ma muna da namu. Allon zayyana da ake yi wa yaron da ya sauke Alƙur'ani, da launukan da ake ƙawata gefen rubutaccen Alƙur'ani da su, duk aikin launi ne da ruwa da ƙaro. Nakan ce wa ɗalibai ƙaron da ke cikin akwatin fentin da suka saya mai yiwuwa daga dajin Sahel ya tafi, ya dawo musu da tsada.

Ban taɓa iya zana ko kwano ba. Zan iya shiga aji?

Za ka iya. A makonnin farko ba a tambayar kowa ya zana komai, aikin duka a kan ruwa yake: yadda za a shimfiɗa launi ɗaya daga saman takarda har ƙasa ba tare da layi-layi ba, da yadda za a sa shi ya riƙa haske a hankali har ya ɓace cikin fari. Zanen fensir ana koyonsa a gefe, ana farawa da tulu da ƙwarya da buta, abubuwan da siffarsu ba ta da rikici. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wanda ya riga ya ƙware da biro, domin hannunsa ya saba da matse abu, yana son ya mallaki kowane ɗigo, alhali buroshi riƙon sakainar kashi ya fi so.

Me zai sa in biya kuɗin aji alhali akwai bidiyo kyauta a waya?

Bidiyo yana da amfani, ni ma ina kallo. Sai dai abu mafi muhimmanci a wannan sana'a, wato yawan ruwan da ke kan takarda a daidai wannan lokacin, kamara ba ta nuna shi sosai. Jiƙaƙƙiyar takarda tana bin matakai: da farko tana ƙyalli kamar madubi, sannan ƙyallin ya ragu ya koma sheƙi kaɗan, sannan ya ɗauke gaba ɗaya alhali takardar tana da sanyi idan an taɓa ta da bayan yatsa, daga nan ta bushe. Launin da aka ɗiga a matakin farko yakan bazu yadda ya ga dama, a na biyu yakan bazu kaɗan ya tsaya da gefe mai laushi, a na uku kuwa ruwan da ya fito daga buroshi yakan ture launin da ke wurin ya bar tabo mai baki kamar taswirar fitsari a katifa. A aji malami zai kama allonka ya karkata shi wajen taga ya ce ka duba, yanzu ne, kada ka jira. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani abu. Yawancin masu yin bidiyon nan suna zaune ne a ƙasashe masu laima, inda takarda kan yi mintoci da dama tana jiƙe. Wanda ya bi lissafinsu a nan cikin watan Fabrairu zai tarar takardarsa ta bushe tun mai bidiyon bai gama gaisuwa ba, sai ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanne ya fi, aji na makonni ko bitar kwana biyu zuwa uku?

Ga mai farawa aji ya fi, ko da sau ɗaya ne a mako, muddin zai riƙa yin aikin gida a tsakani. Hannu yana bukatar ya kwana a kan abin da ya koya. Bita, wadda wasu ke kira atelye, ta fi dacewa da wanda ya riga ya san kayansa yana neman abu ɗaya tak, kamar zanen gajimare ko inuwar gini. Kafin ka ba da kuɗinka ka nemi ganin zanen malamin na fentin ruwa da idonka, domin mai iya rubuta allon shago da fentin mai ba lalle ne ya iya wannan ba. Ka tambayi yawan ɗaliban, ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da takarda. Idan malami ba zai iya zagayawa ya tsaya a kan kowane ɗalibi sau biyu ko uku a zama ɗaya ba, ajin ya yi yawa.

Waɗanne kaya zan saya?

Idan kuɗi kaɗan ne, a zuba su a takarda. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙin ji, domin ido ya fi zuwa kan akwati mai launi 24 ko 36. Takardar fotokofi nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya gangara ya taru a kwarin, idan an goga sau biyu ta soma murmushewa. Takardar fentin ruwa da ta dace giram 300 ce, za a ga an rubuta adadin a bangon. Mafi kyawunta ta auduga ce zalla, irin ta Arches ko Fabriano, domin auduga tana shan ruwa daidai wa daida kuma tana jinkirin bushewa, abin da ya fi komai amfani a garinmu. Ta niƙaƙƙen itace, kamar Montval ta kamfanin Canson, ta fi araha kuma ta wadatar wajen koyo. A nemi mai ɗan kaushi, wadda ake rubuta wa grain fin. Babban falle ɗaya idan aka yanka shi gida takwas ya isa aikin kwanaki, kuma bayansa ma ana zane a kai.

Buroshi biyu masu zagaye, lamba 6 da lamba 10 ko 12, sun isa, da ɗaya mai faɗi na shimfiɗa sama. Na gashin roba ba shi da laifi. Gwajinsa shi ne a tsoma shi a ruwa a kaɗa sau ɗaya, idan bakinsa ya haɗu ya yi tsini to a saya. Sauran kayan duk suna gida: farin farantin tangaran na haɗa launi, gwangwani biyu na ruwa, tsumma mai tsabta, fensir HB, ɗan katako da tef ɗin takarda na manne fallen.

A ina ake samunsu?

Shagunan kayan makaranta na cikin gari da na kasuwar Dole sukan ajiye ƙananan akwatunan fenti na yara da buroshi, kuma ba na hana kowa ya fara da su, ko da yake launinsu yakan bushe ya yi fari-fari saboda allin da aka cika shi da shi. Takarda mai nauyi ita ce mai wuya. Yawanci sai an yi saƙo Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, ko Kano da ba ta wuce kilomita 250 ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ɗalibai su haɗa kuɗi su yi saƙo ɗaya, a kuma roƙi mai kawowa kada ya naɗe fallen ya ɗaure da roba.

Zafi da hunturu ba sa hana aikin?

Ba sa hanawa, amma suna sauya shi, kuma rabin abin da nake koyarwa a kan wannan yake. A lokacin hunturu iska ta bushe ƙarau, a watan Afrilu da Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40, saboda haka launin da aka shimfiɗa a saman takarda yakan kafe kafin buroshi ya dawo layi na biyu. Maganin farko shi ne a haɗa launi mai yawa a faranti tun kafin a taɓa takarda, ya fi abin da ake zaton za a bukata, domin wanda ya tsaya haɗa ƙari a tsakiyar aiki zai dawo ya tarar da layi ya zauna daram. A jingina allon ya ɗan karkata, yadda ruwan launin zai taru a bakin ƙasa na inda aka shafa ya yi ɗan kumburi, sai a riƙa jan wannan kumburin zuwa ƙasa layi bayan layi, kada a bar shi ya ƙafe. A kashe fanka. A yi aikin da sassafe bayan asuba, kuma a zaɓi ƙaramin falle.

Idan zanen yana bukatar takarda ta daɗe a jiƙe, a jiƙa bayanta da soso, a shimfiɗa ta a kan gilashi ko farantin roba, ruwan da ke baya zai riƙa ciyar da gaba. Ɗigo ɗaya ko biyu na giliserin, wanda ake samu a farmasi, a cikin gwangwanin ruwa yana ƙara jinkiri, amma idan ya yi yawa zanen zai yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne a kai har abada. Ita ƙurar maganinta rufe taga da kifa faranti a kan launin da aka haɗa.

Damina kuma tana zuwa da nata. A watan Agusta takarda takan daɗe ba ta bushe ba, mai gaggawa ya ɗora launi na biyu a kan na farko da bai kafe ba, su cakuɗe su zama laka. Akwatin fenti da aka rufe da laima yakan yi fumfuna, don haka a bar shi a buɗe ya sha iska kafin a ajiye. Duk da haka damina ce lokacin da na fi so, domin a nan ne ake samun hadari mai tasowa daga gabas, wanda babu fentin da ke kama shi kamar wannan.

Ga wahalar ruwa a garin nan, aikin ba ya cin ruwa?

Sunan ne kawai mai ban tsoro. Gwangwani biyu, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na ɗiban ruwa mai tsabta, sun isa zama guda, wato bai kai na alwala ba. Ruwan famfo ko na ƴan ga-ruwa duk ya yi, in dai an bar shi ya kwanta. Na tafki ne bai dace ba saboda laka.

Launi nawa ya kamata in fara da su?

Shida sun wadatar: rawaya biyu, ja ɗaya, shuɗi biyu, da ruwan ƙasa ɗaya. Sunayen launuka suna sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, amma lambar garin launin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a jikin mazubin ba ta sauyawa, ita ya kamata a koyi karantawa. PB29 shi ne shuɗin ultramarin, PBr7 jar ƙasa ce, PY43 kuma rawayar ƙasa. Da waɗannan uku kaɗai ana iya zana rabin Birni, tsohuwar unguwar garinmu. Rawayar ƙasa da ɗan jar ƙasa suna ba da katangar laka da rana ta buga, idan aka ƙara ɗan shuɗi sai ta zama inuwar katangar. Shuɗin da jar ƙasar idan aka haɗa su kusan daidai suna ba da ruwan toka mai rai, irin na manyan duwatsun da garinmu ya zauna a tsakaninsu, kuma ultramarin yana da halin kwanciya a ramukan takarda ya yi tsaba-tsaba, abin da ya yi kama da jikin dutsen sosai. Baƙin da ke cikin akwati nakan ce a manta da shi na watanni, domin inuwar da aka yi da shi matacciya ce. Haka ma koren akwati ya cika tsanwa, ganyen dogon yaro sai an karya shi da ɗan ja. A tuna kuma cewa fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, abin da ya yi daidai yana jiƙe zai fito fayau. Wasu launukan ana yinsu da kadmiyam ko kobalt, sinadarai masu cutarwa, saboda haka kada a saba da tsotsar bakin buroshi.

Zan iya haɗa fentina da kaina?

Ƙwarai, kuma zama ɗaya nakan ware wa wannan. Ana daka ƙaro mai tsabta a jiƙa awo ɗaya a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan zuma domin kada fentin ya tsattsage idan ya bushe, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. Ita ƙasar, ja ko rawaya, ana dama ta a ruwa, a ɗan jira yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai kauri a wani kwano ya kwana, a zubar da na sama, a shanya abin da ya kwanta. Wannan garin ake murzawa da ruwan ƙaron a kan gilashi har sai an daina jin ƙaras-ƙaras. A yi hattara da zuma. Karon farko da na haɗa na zuba ta da hannu sake, ga shi damina ce, fentin ya ƙi bushewa, da safe na tarar kiyashi sun yi layi tun daga bakin ƙofa har cikin murafun kwalaben da na zuba shi, wasu sun maƙale a ciki. Launin ƙasa ba ya koɗewa ko shekara nawa zai yi. Na zoɓo da gangamau suna da kyau ranar farko, amma rana takan cinye su cikin ɗan lokaci, sai dai a yi wasa da su.

Ina tsoron hukuncin zane a addini. Me za ka ce?

Fatawa ta malaman addini ce, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Magana a kan zana masu rai tana da nauyi, malamai da yawa sun hana. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A ajina ba a tilasta wa kowa zana mutum ko dabba, kuma mutum zai iya ƙare koyonsa kaf a kan gine-gine da itatuwa da duwatsu da sama da kayan gida, ba tare da ya rasa wata dabara ta fentin ruwa ba.

Yaushe ake fita zane a waje, kuma ina ake zuwa?

Bayan ɗalibi ya iya shimfiɗa launi da haɗa shi. Lungunan Birni da Zango suna da gidaje masu zanen ado a fuskarsu, ga ƙofar fadar Sultan, ga lambunan garin Mirya ga wanda zai iya zuwa. Safiya da bayan la'asar ne lokacin, domin da tsakar rana inuwa takan shige ƙarƙashin gini, komai ya zama fari fat. Inuwa tana tafiya, saboda haka a fara zana iyakarta da fensir, a tsaya a kan wannan ko da ta matsa. Kafin a zauna gaban gidan mutane a yi sallama a nemi izinin maigida, a kuma nisanci barikin soja da duk wurin jami'an tsaro. Yara za su taru, wannan ba makawa, wani ma zai tsaya daidai gaban abin da ake zanawa. Idan aka ba babbansu riƙon gwangwanin ruwa shi zai tsare sauran.

Idan na yi kuskure yana gyaruwa?

Wani yana gyaruwa. Launin da bai bushe ba ana ɗauke shi da tsumma ko da buroshin da aka matse. Wanda ya bushe ana jiƙa shi da ruwa mai tsabta a ɗan goga a danna tsumma, zai yi haske ko da bai koma fari ba. Kuskuren da ya fi kashe zane shi ne yawan gyaran kansa: ɗalibi ya ga ɗan tabo ya koma ya shafa, ya sake komawa, har wurin ya zama laka takardar ta ƙuje. Sau da yawa nakan karɓe buroshin daga hannun ɗalibi in ce ya je ya sha ruwa.

Yara da matan aure za su iya shiga?

Yaron da zai iya zama na rabin awa wuri ɗaya zai iya, a ba shi fentin yara da takarda mai arha. Mata kuwa, musamman masu zanen lalle da masu ɗinkin hula, sukan zo da hannu tsayayye wanda maza kan yi watanni suna nema. Waɗanda fita ke yi musu wuya suna iya haɗuwa su huɗu ko biyar a gida ɗaya, aikin ba ya bukatar fili fiye da tabarma, kuma ba shi da wari.

Yaya zan adana zanen da na gama?

Abokan gabarsa huɗu ne: rana, laima, ƙura da gara. A ajiye zanuka a kwance cikin akwatin ƙarfe ko na roba mai murfi, da farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗora akwatin a kan wani abu kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wanda za a rataya sai an sa shi a bayan gilashi, da kwali mai taga a tsakani domin kada fuskar zanen ta manne da gilashin, a kuma zaɓi bangon da rana ba ta bugunsa. Kada a yarda a manne shi cikin leda da injin zafi kamar takardar shaida, domin ba ya sake fita. Mai son nuna aikinsa a WhatsApp ko Facebook ya ɗauki hoton a inuwa da safe, kafin a sa gilashi. A bayan kowane zane a rubuta ranar da aka yi shi da irin takardar, kuma da fensir za a rubuta, domin tawadar biro takan ratsa ta ɓullo ta gaba.